Yadda iteritems ya ɓace daga Python

1/ Jiya na buɗe wani tsohon kod ɗina, sai ga six.iteritems(d). 'Yan koyo na yanzu ba ku san wahalar da ta haifi layin nan ba. Ku matso 🧵

2/ A Python 2, d.items() kwafo duk abin da ke cikin dict yake yi, ya zuba a sabon list. In dict ɗin ƙato ne, RAM ta sha wuya. A 2001 Python 2.2 ta kawo iteritems(), mai miƙowa ɗaya bayan ɗaya.

3/ Disamba 2008 Python 3 ta fito, ta cire shi. Tsohon kod sai AttributeError.

4/ Masu laburare kuma dole kod ɗinsu ya yi aiki a duka biyun. Nan Benjamin Peterson ya rubuta six. Sunan ma lissafi ne: 2 sau 3.

5/ Ni abin da ya kayar da ni daban ne. A 2 ina goge key cikin loop na items() lafiya lau, tunda kwafi ne. A 3 kuwa RuntimeError, na kwana ina nema wallahi. list(d.items()) ya fitar da ni.

6/ An daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairu 2020. Jiyan dai na goge six ɗin, na bar d.items() kawai.