Tarihin Tatso Man Mota daga Tsirrai da Ƙarfin Lantarki: Darasi ga Ƙasar Dutsin-Ma

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wani ilmi da ya haura shekara 170, watau juyar da asid ɗin tsirrai zuwa man mota ta hanyar lantarki, sa'an nan a duba abin da yake nufi ga manoman Makera da Kurfi. Mai sauraro zai ga cewa dabarar tsohuwa ce, tsadar ƙarfen aikin da arhar fetur su ne suka daƙile ta.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1834 Michael Faraday na Ingila ya lura cewa iska tana tashi idan aka ratsa lantarki cikin gishirin asid ɗin asetik, watau tsamin ruwan khal. A 1849 Hermann Kolbe, Bajamushe, ya bayyana aikin filla-filla: a jikin sandar filatinam, asid ɗin yana zubar da iskar kabon-dayoksaid, ragowar kuma su haɗu biyu-biyu su zama abu mai kama wuta. Aikin wannan sanda ya yi kama da na zugazugin maƙeri, domin tana hanzarta aiki ba tare da ta zama wani ɓangare na abin da aka ƙera ba. Saboda haka za mu kira ta ƙarfen zuga.

A 1902 Hofer da Moest suka nuna cewa idan yanayin aikin ya canza, sai a sami wasu sinadarai dabam. Daga baya aka tabbatar cewa sandar gawayi, duk da arharta, can ta fi karkata. Har ila yau, tun da aka haƙa rijiyar mai a Titusville ta Amurka a 1859, sa'an nan tamu ta Oloibiri a 1956, ba wanda ya ga dalilin wahalar da kansa da tsirrai.

Farfaɗowar Binciken

Tashin farashin mai na 1973 ya sa aka waiwayi tsirrai. A 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sanya asid ɗin lebulinik cikin sinadarai 12 mafi muhimmanci da ake samu daga tsirrai. Ana samunsa ne idan aka dafa kara ko totuwar masara da asid mai ƙarfi. A 2012 Uwe Schröder da abokan aikinsa a Jami'ar Braunschweig ta Jamus suka juyar da shi zuwa okten, wanda yake cikin fetur, a mataki biyu: sandar dalma ta mai da shi asid ɗin balerik, sandar filatinam kuma ta ƙarasa bisa hanyar Kolbe.

To, a nan gizo ke saƙa. Filatinam yana da tsada ainun, kuma fiye da rabin wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, dalma kuwa guba ce. Shi ya sa masana suke gwada shafa filatinam kaɗan ko rutiniyam a kan taitaniyam.

Ina Ruwan Makera?

Nijeriya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, kuma janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya taɓa duk mai noman rani da injin ban-ruwa a kewayen madatsar Zobe. Rana muna da ita, kuma lantarkin sola ya dace da wannan aiki, tun da ba ya bukatar zafi mai yawa ko matsi.

Amma fa kara ba shara ba ne a ƙasar nan. Da shi ake danni da rufi, da shi ake girki, dabbobi su ci harawa da ganye, abin da ya rage ya koma gona taki. Duk masana'antar da ta kwashe shi ba da lissafi ba, ta ɗauki abincin shanu da ƙarfin ƙasa ne ta zuba a tankin mota.

Kammalawa

Saboda haka muna ba masanan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, shawara biyu. Na farko, a auna yawan karan da yake saura bayan manomi ya biya bukatarsa. Na biyu, a shiga neman ƙarfen zuga mai arha wanda ba ya da guba. Kafin a san amsar na farko, bai kamata a yi wa manomi alkawarin na biyu ba.