Mujallar gari: matsalolinta daga Zariya zuwa Bawku

Mujallar gari ita ce wadda labaranta da tallace-tallacenta da masu karanta ta duk na gari ɗaya ne ko lardi ɗaya. A ƙasar Hausa an gwada irinta sosai a zamanin hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya a shekarun 1950. Hukumar ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu nasu na kansu: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau. An yi su ne domin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su sami abin karantawa. Kuɗin gwamnati ne ya ɗauke su, ba ciniki ba, kuma da aka rushe hukumar a 1959 sai suka bi ta.

Waɗanda suka daɗe su ne masu faɗin kasuwa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta game Arewa duka. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta jingina da masu sha'awar finafinan Hausa a ko'ina suke. Mujallar gari ba ta da wannan gata. Kuɗin sayarwa da wuya ya biya takarda da ɗab'i, kwafi ɗaya sai ya zaga majalisa guda, ɗan kasuwa kuwa ya fi son ya kai tallarsa gidan rediyo, inda wanda bai iya karatu ba ma zai ji.

A arewacin Gana akwai ƙarin cikas. Ana ciniki da Hausa a kasuwar Bawku da zangon Yendi da Salaga, amma Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ke tallafa wa rubutunsu. Yaron Binduri zai iya tashi da Hausa a baki, Turanci a makarantar boko, Larabci a makarantar allo, bai taɓa ganin ƙ ko ɗ a takarda ba. Dole edita ya zaɓa: Hausar Kano, wadda wasu za su ji ta baƙuwa, ko Hausar zango, wadda ba ta da tsayayyiyar ƙa'idar rubutu.

Mafi nauyi a ganina shi ne kusanci. A ƙaramin gari, mai ba da talla da wanda ake rubuta labari a kansa sau da yawa mutum ɗaya ne, ko surukinsa. Ga kuma rikicin sarauta: na Kusasi da Mamprusi a Bawku, da na gidajen Abudu da Andani a Yendi, wanda ya ci ran Ya Na Yakubu Andani II a 2002, ba a naɗa sabon sarki ba sai 2019. A irin wannan wuri, laƙabin da aka sa a gaban sunan mutum kaɗai ya isa a ce mujalla ta ɗauki ɓangare. Idan ta yi shiru kuma, masu karatu su koma WhatsApp da Facebook, inda babu editan da zai tace labari.