Daga Ƙwarya zuwa Batir: Tarihin Kayan Neman Zinariya a Ƙasar Hausa

I. Gabatarwa

Masu rubuta tarihin zinariya a Afirka ta Yamma sun fi mai da hankali ga sarakunan da suka tara ta da fataken da suka yi safararta. Ba safai su kan waiwayi kayan aikin mutumin da ya tono ta ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi labarin ta wannan gefe. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, a kowane zamani akwai abu guda wanda ya ke yanke wa mai neman zinariya iyakar tafiyarsa, ya kuma nuna wanda zai ci moriyar wahalarsa. A da ruwa ne, yau kuwa batir ne.

Za mu dubi al'amarin daga yammacin Jihar Kano, watau ƙasar Ƙaraye da Rogo inda Jajaye ta ke. Ƙasa ce ta noma mai samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, tana kuma zaune bisa tsohon dutsen nan wanda ya miƙa yamma har Birnin Gwari da Maru da Anka, inda jijiyoyin zinariyar da aka fi sani su ke.

II. Zamanin Fatake da Miskali

Manyan ma'adinan da suka sa sunan ƙasashen Sudan ya kai Masar da Turai suna can yamma ne: Bambuk da Bure, kāna daga baya Lobi da dazuzzukan Akan. Daga irin wannan dukiya Mansa Musa na Mali ya yi guzurin hajjinsa a 1324. Hausawa sun shiga sha'anin ta hanyar ciniki. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma a zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Fataken da suka bi wannan hanya goro ne babban abin nemansu, amma zinariya ma ta kan biyo ayari, gama ba ta da nauyi, ga ta da daraja.

A kan auna ta da miskali, wanda ya ɗara giram 4 kaɗan. Duk da haka ba ita ce kuɗin kasuwa ba. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, da wuri ya tarar ana saye da sayarwa.

Aikin nema kuwa na ƙwarya ne da akushi. A ɗebo yashin rafi, a zuba ruwa, a yi ta kaɗawa har marar nauyi ya fice, mai nauyi ya kwanta. Asirin abin shi ne zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba, amma sai inda ruwa ya ke. Wurin da babu rafi, ko da zinariya tana kwance a ƙarƙashin ƙafa, haka nan za a wuce ta.

III. Zamanin Turawa da Lasin

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, ba su yi jinkiri ba wajen binciken abin da ke cikinta. An yi safiyon ma'adinai na Nijeriya ta Arewa daga 1904 zuwa 1909, aka kuma kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya a 1919. Dokar ma'adinai ta 1916 ta sa dukan abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnati. Wannan ƙa'ida ba ta tafi tare da Turawa ba, tana nan cikin dokar ma'adinai ta 2007. Saboda haka manomi yana da ikon noma gonarsa, amma abin da ke ƙarƙashinta ba nasa ba ne.

An fara lissafin zinariyar da a ke fitarwa daga Nijeriya a 1913, aikin kuwa ya fi bunƙasa tsakanin 1933 da 1943. Dalilin yana can ƙetaren teku. Ingila ta raba fam da ma'aunin zinariya a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza daga dala 20.67 zuwa dala 35 a 1934, a daidai lokacin da kasuwar gyaɗa da kuza ta faɗi. Sai masu lasin suka bazu cikin Lardunan Neja da Zazzau da Sakkwato. Abin lura shi ne kayan aikin ba su sāke sosai ba: diga ce da shebur da kwano. Abin da ya sāke shi ne takarda. Mai lasin ke da wurin, mai haƙa ya tono ya sayar masa bisa farashin da aka yanka.

Yaƙin Duniya na Biyu ya karya wannan harka. Da Japan ta kame Malaya, Ingila ta rasa babbar majiyar kuzarta, sai aka shiga ɗiban mutane aikin tilas zuwa ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944. Ramukan zinariya da yawa suka zama kufai.

IV. Asalin Na'urar

Ba don zinariya aka ƙago na'urar gano ƙarfe ba. A 1881 Alexander Graham Bell ya haɗa wata don neman harsashin da ke jikin Shugaba Garfield na Amurka, bai kuwa dace ba. Gerhard Fisher ya sami rajistar tasa a 1937. A 1941 wani hafsan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera ta neman nakiya, wadda aka yi aiki da ita a fagen El Alamein a 1942. Na'urorin wancan zamani masu nauyi ne, masu cin batir kamar gara. Sai bayan an ƙago tiransisto a 1947 aka sami wadda mutum zai yini da ita a hannu.

Yadda ta ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A ƙarshen sandar akwai faifai mai naɗin waya a ciki. Wutar batir ta bi wayar ta haifar da ƙarfin maganaɗisu wanda ke ratsa ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta motsa a jikin ƙarfen, faifan ya ji ta, na'urar ta yi ƙara. Matsalar ita ce jar ƙasa da marmara cike su ke da sinadarin ƙarfe, su ma suna sa na'ura kuka. Ostareliya ta yi fama da irin wannan ƙasa, ita ce kuwa inda aka tsinci curin nan mai kilo 27 da na'ura a Kingower a 1980. A can aka kafa kamfanin Minelab a 1985, wanda ya fito da SD 2000 a 1995. Maimakon ta riƙa aika wuta ba yankewa, tana harba ta ne bugu-bugu, ta saurara a tsakani. Amsar ƙasa ta kan mutu da wuri, ta ƙarfe ta daɗe kaɗan, ta haka a ke rarrabe su. GPX 4500 ta biyo baya a 2008, GPX 5000 a 2010.

V. Batir da Sauran Tarkace

A nan ne maganar batir ta zama babba. Na'ura mai bugu ta fi nisan ji, amma ta fi cin wuta ƙwarai. Na farkon irinta da batirin dalma mai bolt 6 su ke aiki, wanda mutum ke goyawa a baya. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ya sauƙaƙa kayan: na GPX bai kai kilo 1 ba, ya kan kuma yi kamar awa 12 kafin ya nemi caji. Ƙananan na'urori marasa bugu ba su da wannan ci. Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher batir 2 masu bolt 9 ta ke ɗauka, Gold Monster 1000 ta 2017 kuwa tana karɓar nata na caji ko ƙananan batura 8 irin na tocila.

Kowane iri da halinsa. Batirin kasuwa mai araha, na gawayi da tutiya, an yi shi ne domin abin da ba ya jan wuta da yawa, nan da nan ya kan sare. Na alkalin ya fi jimiri, amma in aka bar shi cikin na'ura har damina ta wuce ya kan yi yoyo ya cinye ƙarafan ciki. Na litiyam zafi ne abokin gabarsa: ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, barinsa cikin mota a rufe da tsakar rana kuwa rage masa kwana ne.

Sauran tarkacen ma kowanne da dalilinsa. Abin sauraro na kunne yana sa a ji ƙaramar amsa wadda iskar hunturu za ta haɗiye. Murfin faifai yana kare shi daga tsakuwa, amma dole a riƙa cire shi ana kakkaɓe baƙin yashin da ke taruwa a ciki, in ba haka ba na'ura ta yi ta kukan banza. A kan manna maganaɗisu a jikin diga don ya kwashe gutsattsarin baƙin ƙarfe, gama zinariya ba ta bin sa. Ludayin ɗiban ƙasa kuwa na roba a ke so, domin na ƙarfe zai ruɗa faifan.

VI. Guguwar Hamada

Da farashin oza ya haura dala 1,900 a watan Satumba na 2011, na'urar ta riga ta cika arewacin Sudan. Daga nan guguwar ta yi yamma: Jabal Amir a Darfur a 2012, Tibesti ta Cadi a 2013, Djado da Tchibarakaten a Jamhuriyar Nijar a 2014, Muritaniya a 2016. Dubban mutane suka bi ta Agadas, Hausawa na cikinsu, har Gwamnatin Nijar ta rufe Djado a 2017. Yawancin waɗannan wurare ƙwarya ba za ta yi aiki a cikinsu ba, don babu ruwan wanki. Na'ura ta 'yanta mai nema daga rafi.

Amma ta ɗaure shi ga wani abu. Na'ura ta dubban daloli ce, batirinta kuma kullum yana bukatar mota ko janareta ko farantin hasken rana. Wanda ya mallaki waɗannan shi ne ubangida, shi ke ɗaukar babban kaso, mai riƙe sanda da mai diga su raba saura. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa a waɗannan shekaru, na'ura da batir duka. Ashe mai lasin na 1935 bai ɓace ba, ya dai sāke riga.

VII. Iyakar Na'urar a Ƙasarmu

Na'ura curi ta ke ji. Ƙaramin curi sai yana kusa da sama ƙwarai, garin zinariya kuwa ba ta san da shi ba. Yawancin zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari ƙanana ce, a warwatse cikin farin dutse ko yashin rafi. Don haka a wannan yanki haƙa rami da niƙa dutse da kama zinariya da zaiba ba su kau ba, hatsarinsu ma bai kau ba. A 2010 aka gano cewa dutsen da a ke niƙawa cikin gidaje a Anka da Bukkuyum yana ɗauke da dalma, yara aƙalla 400 suka rasu. Irin wannan ya sāke aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, a Jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka halaka. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024.

VIII. Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya koya mana shi ne, daraja da arhar kayan aiki su ke nuna rabon mai aiki. Ƙwarya ta kowa ce, amma ta tsaya bakin rafi. Lasin ya mai da mai haƙa ɗan ƙwadago. Na'ura ta buɗe hamada, ta kuma ƙara wa mai jari ƙarfi. Saurayin Ƙaraye ko Rogo wanda ke shawarar sayar da amfanin gona ko jinginar da gonar kanta don ya sayi na'ura, ya kamata ya san abu uku tukuna: irin zinariyar da ke wurin da za shi, inda zai sami caji da kuɗinsa, da abin da doka ta ce game da abin da zai tono.

Ga malaman kwalejojin horon malamai kuma akwai aiki. Waɗanda suka je Djado suka komo suna nan da ransu, da kalmomin sana'arsu da ka'idojin rabonsu. In ɗalibai suka rubuta waɗannan daga bakin masu su tun yanzu, masu tarihi na gaba za su sami abin da mu ke marmarin samu game da masu ƙwarya na zamanin Abdullahi Burja.