Lissafin Maganaɗisu a Siririn Fallen Sufakondakta

Sufakondakta abu ne da lantarki ke ratsawa ba tare da turjiya ba idan an sanyaya shi sosai. Irin wanda aka fi amfani da shi yakan bar maganaɗisu ya shige shi a sifar siraran zaruruwa, kamar yadda Abrikosov ya nuna a 1957, kuma zaruruwan sukan maƙale a lahanin da ke jikinsa. A 1962 Charles Bean na kamfanin General Electric ya dunƙule lamarin a ƙa'ida guda: duk inda maganaɗisu ya kutsa, lantarki na gudana da iyakar ƙarfin da wurin zai iya ɗauka.

A doguwar sanda lissafin nan da alƙalami ake yin sa. Amma bayan gano sufakondaktan YBCO a 1987, samfura mafi inganci sun zama falle wanda kaurinsa bai wuce maikiron guda ba, aka riƙa aiko masa da maganaɗisu ta bisa. Nan aiki ya sauya. Maganaɗisu yakan lanƙwasa ya taru a gefuna, lantarki ya bazu har tsakiyar da zaruruwan ba su kai ba, kuma kowane ɗigo na fallen yana shafar sauran ta sararin da ke kewaye da shi. Sararin nan ne ainihin ciwon kan fannin.

A 1993 Mikheenko da Kuzovlev suka warware lissafin fallen mai siffar faifai, Brandt da Indenbom kuma na dogon tsiri. Sauran siffofi sai kwamfuta. Ernst Helmut Brandt, a Cibiyar Max Planck ta Stuttgart a Jamus, ya bayyana dukan kwararar lantarkin da ma'auni ɗaya tak, ya sassauta ƙa'idar Bean yadda kwamfuta za ta bi ta daki-daki, ya fitar da na murabba'i a 1995. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai tsada gare ta: a ninka yawan ɗigogi sau biyu, ma'ajiyar da ake bukata ta ninku sau huɗu. Leonid Prigozhin, wanda ya lura lissafin Bean ɗan'uwan lissafin tarin yashi ne da ke zamewa idan gangarensa ya kai iyaka, ya kawo hanyar da ke karɓar kowace siffa a 1998.

Hotunan maganaɗisu da ake ɗauka ta ɗora fallen garnet a kan samfur sun nuna abin da waɗannan hanyoyi ba su tanada ba: a fallen sufakondaktan MgB2, maganaɗisu kan afka ciki farat ɗaya, yana yin rassa, domin motsinsa na haifar da zafi, zafin kuma na kwance maƙalewar zaruruwa. Masu bincike na Jami'ar Oslo, su Vestgården da Johansen, suka haɗa lissafin zafi da dabarar lissafi mai sauri da ake kira FFT, rassan suka fito a kwamfuta.

A ɓangaren injiniyoyi, tsarin lissafi na 2017 da ake kira T-A ya ɗauki fallen tamkar ba shi da kauri sam, abin da ya sauƙaƙa ƙididdige asarar makamashi a naɗin wayar sufakondakta mai zagaye masu yawa.