Ƙurar ƙarfen da ke mai da hayaƙi abin amfani: labarin ya faro tun 1902

Kwanakin nan ana yawan yawo da labari wai Turawa sun gano dabarar mai da hayaƙi ya koma mai. Mun ga ya dace mu koma baya kaɗan, don dabarar ta girmi kakanninmu.

A birnin Tuluz na kudancin Faransa aka fara. Wani malamin kimiyya mai suna Paul Sabatier, da abokin aikinsa Jean-Baptiste Senderens, wanda limamin coci ne, sun gano a 1897 cewa garin ƙarfen nikel na sa iskar idrojen ta haɗu da abubuwan da a da ba ta kula su. A 1902 suka gwada da gaz karbonik, iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda kuma ke fita daga gawayi da salansar mota. Suka bi da ita tare da idrojen a kan nikel mai zafin digiri 300 zuwa 400. Abin da ya fito: metan, wato gaz mai kama wuta, da ruwa.

Shi nikel ɗin me ya yi? Aikin dillali. Gaz karbonik iska ce mai taurin kai, ta riga ta ƙone, ba ta son ciniki da kowa. Nikel ya zaunar da ita, ya zaunar da idrojen kusa da ita, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya tashi yadda ya zo, ko la'ada bai karɓa ba. Irin wannan ƙarfe shi muka koya a lakkol da sunan katalizer.

A 1912 aka ba Sabatier kyautar Nobel tare da Victor Grignard. Senderens bai samu ba, kuma a ganinmu an ci haƙƙinsa. Kuɗin kuwa wasu suka kwashe: wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya ɗauki dabarar nikel ɗin ya daskarar da man girki, abin da ya bunƙasa sana'ar margarin. Maganar gaz karbonik aka ajiye ta gefe, don a lokacin gawayin ƙasa da man fetur sun fi araha.

Daga nan sai labarin metanol, ruwan da ake yin fenti, roba da gam da shi. Kamfanin BASF na Jamus ya fara yin sa da yawa a 1923 da tutiya da kurom, amma sai an matse iskar da ƙarfin gaske. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya kawo katalizer na jan ƙarfe da tutiya, wanda ya rage matsin sosai. An daɗe da sanin jan ƙarfe ya fi, sai dai farar wuta ko ƴar kaɗan ce tana kashe shi, dole aka jira sai da aka iya tace gaz tas. Abin dariyar shi ne, shekara da shekaru masu masana'anta na zaton wata iskar ce, monoksid, ke zama metanol. Sai daga baya binciken masana a Rasha da Ingila ya nuna gaz karbonik ɗin da ke cikin haɗin ne ke yin yawancin aikin.

Yau fa? A 2010 aka kafa na'urar Sabatier a tashar sararin samaniya ta ISS, ta riƙa mai da numfashin ƴan sama jannati ruwa, metan ɗin a zubar waje. A ƙasar Ayislan an gina masana'anta mai sunan George Olah wadda ta kai ga iya yin ton 4,000 na metanol a shekara daga gaz karbonik. Audi ma ya buɗe tasa ta metan a Werlte, Jamus, a 2013. Duka ƙanana ne in an gwada da hayaƙin da duniya ke fitarwa. Inda gaz karbonik ya fi shiga da gaske shi ne takin ure da manomanmu ke saya, kuma a can ma amoniyak ɗin ne ke bukatar katalizer na baƙin ƙarfe.

To me ya hana abin yaɗuwa, shekara 120 da ɗoriya? Idrojen. Kowane ƙwayar gaz karbonik na bukatar idrojen huɗu kafin ya zama metan, kuma idrojen ba a tsintar sa a banza. Kilo guda na cin ruwa lita 9 da wutar lantarki wajen kilowat-awa 50. In da gawayin ƙasa aka samar da wutar, an fitar da hayaƙin da ya fi wanda aka kama. Shi ya sa Ayislan ta iya: wutarta daga zafin ƙarƙashin ƙasa da madatsun ruwa take zuwa.

Rana kam muna da ita daga Tawa har Damagaram. Ranar da wani ya zo da irin wannan aiki ƙasarmu, za mu so mu ji daga ina zai samu wutar, kuma daga wace rijiya zai ɗebi ruwan.