Birnin Damagaram da Hikimar Zama Cikin Ganuwa

Mai son fahimtar yadda gari ke sabunta kansa ba tare da ya cinye gonakin da ke ciyar da shi ba, ya kamata ya dubi tarihin Birnin Damagaram.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye birnin da ganuwa. Ganuwar ta zama kariya daga abokan gaba, ta kuma yanke wa garin iyaka. Tun da fili ƙayyadadde ne, sai magina suka koyi tsimin ƙasa: gida jingine da gida, lunguna ƙuntatattu masu inuwa, zaure a bakin hanya, masu hali kuma su ɗora bene. In ɗaki ya rushe, akan kwaɓa ƙasarsa a yi sabon tubali, a tayar da wani a gurbinsa. Fatake kuwa, musamman Abzinawa, suka sauka a Zango, wajen ganuwa, har ya zama unguwa mai zaman kanta.

Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar ƙasa daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai. Su ne suka kawo tsarin yanka filaye murabba'i da miƙaƙƙun tituna. Wannan tsari ya fi bayyana a Maraɗi, inda ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka bar tsohon gari, aka yi sabo bisa tudu.

Tun daga nan bunƙasar gari ta zama faɗaɗa kawai. Kowane sabon yanka yana cin gona, yana kuma bukatar bututun ruwa mai tsawo, alhali Damagaram gari ne da ke zaune bisa duwatsu, wanda ƙishirwa ta daɗe tana gallaba. A cikin Birni kuwa, gidan gado yakan zama kango idan magada suka watse, damina ta ƙarasa shi.

A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO sunan Birni cikin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin gadon duniya. Amma ginin ƙasa ba ya tsayuwa sai da mazauna masu yaɓe shi kafin damina. Saboda haka sasanta gādo, gyaran magudanan ruwa da tayar da kangaye su ya kamata a sa gaba, kafin a sake yanka gonar wani.