Sunan Bilalu: Ma'anarsa da Asalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, wani mai sauraro ya aiko mana cewa Allah Ya ba shi ɗa namiji a wannan wata, ya yi niyyar raɗa masa Bilalu, sai dangi suka hana, wai sunan bawa ne. Ya dace mu tsaya a kan wannan.

Kalmar Larabci ce, daga tushen da ke nufin jiƙawa. Larabawa na kiran ɗan ruwa ko nonon da ake jiƙa maƙogwaro da shi bilal. Sukan kuma kwatanta sada zumunci da jiƙawa, yanke shi kuwa da bushewa. Mu da muke azumi a ƙasar da rana ke tsotse rijiya, ba sai an fassara mana darajar damshi ba.

Wanda ya ɗaukaka sunan shi ne Bilalu ɗan Rabaha, Allah Ya yarda da shi. Asalinsa Habasha, sunan mahaifiyarsa Hamama. Gaskiya ne ya yi bauta a Makka. Da ya musulunta, Umayya ɗan Halaf ya riƙa fitar da shi da tsakar rana, ya kwantar da shi a kan rairayi mai ƙuna, ya ɗora masa dutse a ƙirji don ya bar addini. Shi kuwa ba ya fasa faɗin Allah Ɗaya ne. Sayyidina Abubakar ya saye shi ya ƴanta shi, har Sayyidina Umar yakan kira shi shugabanmu. Umayya kuwa, mai dukiya da dangi, ya mutu a yaƙin Badar cikin Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira. Wa ya taɓa jin an raɗa wa jariri suna dominsa?

A Madina, da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga kiran salla a mafarki, Annabi (SAW) ya umarce shi ya koya wa Bilalu, domin muryarsa ta fi kai wa nesa. Shi ne ladan na farko. A watan azumi yakan yi kira tun da sauran dare, mutane su ci gaba da sahur har Ibnu Ummi Maktum ya yi nasa. Duk ladanin da ke tashinmu da asuba, daga Maraɗi har Damagaram, gadonsa yake riƙe da shi.

Ranar buɗe Makka, cikin Ramadan na shekara ta 8, shi ya hau saman Ka'aba ya yi kira, manyan Ƙuraishawa suna ƙasa suna kallo. Ko sarakunan Mali na gidan Keita, masu ba da tarihinsu ga Bilalu suke danganta su, suna alfahari da haka.

Bayan wafatin Annabi ya koma ƙasar Sham, can ya rasu wajen shekara ta 20 bayan Hijira. Mun amsa wa mai tambaya cewa ya yanka ragonsa ya raɗa sunan, ya kuma kira dangin su ci tare da shi.